Akwatin Saƙon Baba Safiyo Ya Cika

Shafi na 23

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Na ga ƙorafin masu cewa na bar Saudatu a ƙofar asibiti na tafi hutawa. Ba hutu na je ba, wayata ce ta faɗa bokitin wanki. Ku gyara zama.

*

Kwana uku ke nan Saudatu tana jiran saƙo ɗaya tak.

Makon da ya wuce aka ɗebi jininta a wani asibiti a Abuja, don a gani ko ƙodarta za ta dace da jikin mahaifinta, Malam Sha'aibu, wanda duk unguwar Wambai ke kira Baba Safiyo saboda aikin awon filaye. Wata biyar yana kan wankin ƙoda, sau biyu a mako. Asibitin sun ce ba sa faɗin sakamako ta waya, sai ta imel ɗin da ke cikin fayil. Imel ɗin kuwa na ofishin Baba ne, a tsohuwar kwamfutar teburin da ke ɗakin bakin zaure.

Ranar Alhamis bayan azahar ta kasa haƙuri, ta kira su.

"Hajiya, tun Litinin muka tura," in ji matar da ta ɗauka. "Dawo mana ya yi ta yi. Akwatinku ya cika."

Sai a lokacin ta lura da jan layin da ke saman allon, wanda ta yi ta rufewa kullum ba tare da ta karanta ba. Gargaɗi ne da Turanci: akwatin saƙo ya kai iyakarsa, ba zai karɓa ba, ba zai aika ba.

Ta goge saƙo ashirin. Jan layin bai motsa ba.

Ta goge hamsin. Yana nan.

Ta lalubo lambar Mojisola, Bayarbiyar da ke da shagon gyaran kwamfuta a unguwar Kwamba, wadda suka yi sakandare tare.

"Moji, don Allah ki bar duk abin da kike yi ki zo. Yanzu."

Minti ashirin ba a yi ba Keke Napep ya sauke ta. Ta shigo tana fifita da hannu, ta ja kujera ta zauna gaban kwamfutar.

"Me kika taɓa?"

"Gogewa na yi ta yi."

"Kin zubar da kwandon shara?"

"Wane kwando?"

Mojisola ta kalle ta ta gefen ido.

"Malamar makaranta guda! Abin da kika goge bai tafi ko'ina ba, daga ɗaki kika mayar da shi tsakar gida. Har yanzu a gidan yake."

Ta danna maus, ta zubar da kwandon. Ta zubar da foldar saƙonnin talla. Suka zuba wa jan layin ido.

Daga kashi ɗari ya koma casa'in da tara.

"Ah ah," Mojisola ta gyara zama. "Wannan ba ƙananan saƙonni ba ne suka cika shi. Akwai ƙaton abu a wani wuri. Bari mu tambayi kowace folda nauyinta."

Ta buɗe wani ƙaramin akwati, jerin sunaye ya fito, kowanne da lamba a gabansa. Saƙonnin shigowa ba su da yawa. Na aikawa ma haka. Ta ci gaba da gangarawa har ƙasa, sannan ta tsaya.

"Ga ɓarawon nan. Giga biyar aka ba ku, wannan shi kaɗai ya cinye huɗu da rabi."

Saudatu ta sunkuyo. An cusa foldar a cikin wata foldar, ita ma a cikin wata. Sunanta: Tsofaffin Taswirori.

"Taswirorin aiki ne. Goge su kawai, Baba ya daina fita awo."

"Abeg, ni ba na goge abin da ban gani ba. Na taɓa yi, har yau mai shi ba ya amsa gaisuwata."

Ta buɗe.

Babu taswira ko ɗaya.

Saƙonni ne jere, ɗari shida da wani abu, duk daga mutum ɗaya: Sebastine. Kowanne da hotuna liƙe a jikinsa, wasu har da bidiyo. Mojisola ta bi kwanakin da yatsa.

"Lahadi. Lahadi. Lahadi. Saudatu, duk Lahadi ake turo su. Kuma babu wanda ba a buɗe ba, sai na wata biyun nan na ƙarshe. Wani ya kafa doka a cikin manhajar, duk saƙon mutumin nan ya wuce kai tsaye nan, kada ya tsaya a gaba."

"Wa zai yi wannan? Baba ko firinta bai iya kunnawa ba."

"To, wannan dai ya iya."

Ta buɗe ɗaya daga cikin waɗanda aka riga aka karanta. Hoto ya cika allon. Budurwa ce doguwa, baƙa, cikin fararen kayan nas, tana dariya, ta ɗaga takarda sama. A ƙasa an rubuta da irin Hausar 'yan kasuwa: "Baba, ga 'yarka Chizitere ta gama. Ta ce kai za ka fara gani."

'Yarka.

Saudatu ta matso kusa da allon.

"Buɗe wani."

"Saudatu, wannan ba aikina ba ne fa. Bari kawai in kwashe su in..."

"Buɗe wani, Moji!"

Wani ya buɗu. Yarinyar ce dai, ƙarama a nan, da kayan sakandare. "'Yarka ta zo ta biyu a aji." Wani kuma tana riƙe da kek. Wani tana kwance da zazzaɓi. "Baba ka yi mata addu'a irin taku."

Saudatu ta dafe bango.

Baba fa, mutumin da bai taɓa zuwa makarantarsu ranar ba da kyauta ba. Mutumin da idan ya yi gyaran murya a zaure kowa ke gyara zama. Shekara ashirin da takwas ba ta taɓa jin ya ce mata "kin yi ƙoƙari" ba. Ga shi ita ta kai hannunta an tsira mata allura don ta ba shi ƙodarta, ashe yana da wata 'yar a ɓoye da yake kallon hotonta duk mako.

"Umma," ta faɗa a hankali. "Wayyo Umma."

"Tsaya," in ji Mojisola. "Kada ki yanke hukunci daga tsakiya. In za ki karanta, fara daga farko."

Ta danna kan jerin, saƙonnin suka juya, mafi tsufa ya dawo sama. Shekara goma sha biyu da suka wuce. Taken saƙon kalma biyu ne: Mun iso.

Hoton ya ɗan jima kafin ya buɗu, yana saukowa daga sama kaɗan-kaɗan.

Farin ɗaki. Gadaje biyu na asibiti, an matso da su kusa da juna. A na hagu wani mutum ne ramamme, da robobi a hanci da hannu. A na dama...

Hular ta fara ganewa. Zanna bukar ɗin nan mai ruwan toka, a kan rigar asibiti. Baba ne, yana kwance, an liƙe masa farin bandeji a gefen ciki. Hannunsa na cikin hannun ramammen mutumin.

Kuma dariya yake yi. Dariya har haƙora.

"Na san wannan," Mojisola ta nuna na hagun. "Oga Seba ne! Mai sayar da batir a Kwamba, wanda ya yi haya a gidanku na can. Wanda ya kumbura. Mu duk mun ɗauka ya mutu a ƙauyensu!"

Idon Saudatu na kan rubutun da ke ƙasan hoton. Karatu take yi, leɓenta na motsi.

"Baba, mun iso Inugu lafiya. Likita ya ce ƙodarka tana aiki a jikina kamar tare aka haife mu. Yau na yi fitsari da kaina, na zauna na yi kuka. Na yi alkawari ba zan faɗa wa iyalinka ba, zan riƙe. Amma ba za ka hana ni abu ɗaya ba. Duk Lahadi in na fito daga coci zan turo maka hoton Chizitere, ka ga yarinyar da ka hana ta zama marainiya. Daga yau 'yarka ce."

 

"Jesu," in ji Mojisola, ta ɗora hannu biyu a ka.

Saudatu ta zame ta zauna a ƙasa.

Ta tuna shekarar. Tana aji biyar na sakandare. Baba ya ce zai je Indiya a cire masa tsakuwa a ƙoda. Ya yi wata guda ya dawo yana tafiya a sunkuye, ya ce tsakuwar ta lalata guda ɗaya, an cire ta. Umma ta yi ta dama masa kunu. 'Yan dubiya suka yi ta cewa Allah ya sa kaffara ne, yana amsawa da amin. Ko watan jiya da likita ya ce da ƙoda biyu gare shi da abin bai kai haka ba, kai kawai ya gyaɗa.

"Ba ɗan'uwansa ba ne," ta ce, kamar da kanta take magana. "Ba abokinsa ba ne. Ɗan haya ne, Moji. Ko gaisawar kirki ban taɓa ganin sun yi ba."

"Ga amsar Baba a ƙasa."

"Ya amsa?"

"Oga Seba ya tambaye shi dalili. Kin ga, nan."

Saudatu ta miƙe a kan gwiwoyinta ta leƙa. Layi huɗu ne, babu gaisuwa, kamar yadda yake magana.

"Ka daina tambayata. Ran nan na zo duba rufin ɗakinka, na tarar da yarinyar nan a durƙushe tana ɗaure maka igiyar takalmi don ba ka iya sunkuyawa. Shekararta tara. Ta ɗago ta ce min, Baba mai gida, yaushe ƙafar babana za ta sace? Na koma gida na kasa cin abinci. Ina da biyu, kai ba ka da ko ɗaya. Shi ke nan."

Ta karanta sau uku. A na ukun ba ta ganin haruffan sosai.

Mojisola ta share ido da bayan hannu, ta ja hanci.

"To. Wannan ba a goge shi, ko da wuƙa a wuyana. Kwashe su zan yi daga rumbun kamfanin imel ɗin, in sauke su cikin kwamfutar nan. Babu hoto ɗaya da zai ɓata, kuma akwatin zai samu wuri. Ke kuma kira asibiti su sake turowa."

Saudatu ta kira. Koren layi ya fara tafiya a allon, saƙonni na ƙaura ɗaya bayan ɗaya.

Suna cikin haka suka ji ƙarar sanda a kan siminti.

Ƙwas. Ƙwas.

Labulen ƙofar cikin gida ya ɗaga.

Malam Sha'aibu ne, cikin farar jallabiya da ta yi masa yawa, ƙafafunsa a kumbure cikin silifas. Ya dubi Mojisola. Ya dubi 'yarsa a ƙasa. Sannan ya dubi allon, inda hoton gadaje biyun ke nan a buɗe.

Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ba ku izini?"

Mojisola ta miƙe tsaye da sauri har kujera ta faɗi.

"Baba ina wuni, sir. Akwatin ne ya cika, muna neman abin da..."

"Ba ke nake tambaya ba."

Saudatu ba ta tashi ba. Ta ja jiki a kan gwiwa har gabansa.

"Baba. Ƙodar nan, lafiyarta ƙalau aka cire ta?"

Bai ɗauke ido daga allon ba.

"Baba, don Allah."

"Ƙalau."

"Babu tsakuwa?"

"Babu."

"Umma ta sani?"

"Ba ta sani ba. Kuma ba za ta ji daga bakinki ba." Ya lalubi bencin da ke jikin bango ya zauna da ƙyar. "Da ta sani, duk ranar da na yi tari sai ta tsine wa bawan Allahn nan. Bai roƙe ni ba. Sau uku yana ƙi, sai da na ce masa in bai karɓa ba ya kwashe kayansa ya bar min gida."

Dariya ta suɓuce wa Mojisola a tsakiyar kuka, ta yi maza ta toshe baki.

Saudatu kallon mahaifinta kawai take yi, kamar yau aka kawo shi gidan. Furfurar nan, idon nan da ya yi ruwan ɗorawa, hannun da ke rawa a kan sanda. Kullum tana ganinsu. Amma yanzu ji take kamar ba ta isa ta zauna kusa da shi ba.

"Ba ka yi nadama ba? Yanzu da ake ɗora ka kan injin nan awa huɗu?"

"Kin ga hoton da ta sa kayan nas?"

"Na gani."

"To."

Kwamfutar ta yi ƙara. Tin!

Jan layin ya ɓace.

Tin! Tin!

"Sun fara shigowa," in ji Mojisola a hankali. "Ga na asibiti."

Saudatu ta tashi. Ta goge tafin hannunta a jikin zani, ta kama maus ɗin, ta yi bisimilla. Takardar ta buɗu, cike da lambobi da ba ta gane ba. Idonta ya sauka kan layin ƙarshe, wanda likita ya rubuta da manyan baƙaƙe.

Ba ta dace ba. Jikin mahaifinta ba zai karɓi ƙodarta ba.

Mojisola ta dafa kafaɗarta.

"Baba... ban dace ba."

"Alhamdulillah," in ji Malam Sha'aibu.

Ta juyo a firgice.

"Alhamdulillah fa ka ce?"

"Tun ranar da aka ɗebi jininki nake roƙon haka a kowace sujada." Ya kawar da kai wajen taga. "Na hana ki kin ƙi ji, kanki irin nawa ne. Sai na kai ƙara inda za a ji ni. Na san zafin wuƙar nan, Saude. Ba zan kwanta a gado in ga an tura ki a na kusa da ni ba."

Saude. Rabon da ya kira ta haka tun tana firamare.



"Akwai wani," in ji Mojisola. "Wannan ba daga Oga Seba ba ne, shi ya sa bai wuce foldar ba. Daga yarinyar ne. Da safen nan ta turo, yana ta ƙwanƙwasa ƙofa sai yanzu ya samu shiga."

Malam Sha'aibu ya ɗago kai da sauri.

"Karanta."

Mojisola ce ta karanta, tana juya Turancin zuwa Hausa.

"Baba, wata biyu ba ka amsa saƙon babana ba. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta Kwamba ta kira mu, ta ce ta gan ka ana tura ka a keken marasa lafiya a ɗakin wankin ƙoda. Babana ya kwana biyu bai ci abinci ba. Ni nas ce yanzu, na san abin da wannan ke nufi. Na gwada jinina, rukuninmu ɗaya da kai. Sauran gwaje-gwajen a Abuja za a yi. Ban nemi izininka ba don na san abin da za ka ce. Ina cikin mota, mun baro Inugu tun asuba."

Sandar ta faɗi daga hannunsa.

"A'a," ya ce. "A'a. Rubuta mata. Ki ce ta koma."

"Baba..."

"Shekararta ashirin da ɗaya! Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Ban tsamo ubanta don in zo in yanka ta ba. Rubuta, ki ce na warke. Ki ce na yi tafiya. Ki ce komai!"

Saudatu ba ta taɓa jin muryarsa na rawa ba sai yau.

Mojisola ta dubi agogon da ke ƙasan allon, ta dubi Saudatu.

"Baba, ƙarfe huɗu da rabi fa. Wanda ya baro Inugu da asuba..."

Ba ta ƙarasa ba. Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida, injinsa na tari. Suka ji an sauke jaka. Suka ji muryar direban yana cewa, "Nan ne, ga zauren nan mai koren ƙyaure."

Takun takalmi ya wuce ta gaban tagar ofishin, bai tsaya ba, ya shige zaure.

"Salamu alaikum! Akwai mutane?"

Muryar mace ce, Hausarta da ɗan karkata, irin ta wanda ya koye ta yana yaro ya daɗe bai yi ba.

Malam Sha'aibu ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi.

"Tare ta, Saude. Tare ta kafin..."

Amma tuni takalmin Umma ya taho daga tsakar gida, tana amsawa da fara'arta ta kullum.

"Wa'alaikumus salam, maraba. Shigo mana, 'yata. Daga ina? 'Yar wa ce?"

Saudatu ta kai hannu ga labulen ke nan ta ji amsar.

"Mama, sunana Chizitere. Ni ce 'yar mutumin da ke ɗauke da ƙodar Baba."